Tsutsar Hancin Dokin Sarki

An yi wani sarki a zamanin da, sunansa Hashimu, adali ne matuƙar ransa na kwance, amma idan ya fusata ko mahaifiyarsa ba ta iya tararsa. Yana da wani baƙin doki da yake ƙauna fiye da yadda ya kamata mai hankali ya ƙaunaci dabba. Wata bazara dokin ya kama atishawa da girgiza kai, majina na zuba, yana goga hanci a turke har jini ya fito. Rannan ya yi atishawa a gaban sarki, sai ga wata farar tsutsa mai kauri ta faɗo daga hancinsa.

Shamaki, mai kula da barga, ya ga in bai nemo mai laifi ba, shi ne zai zama mai laifin. Ya ce sammu ne, kuma ya san mai shi: wani Mantau, mai fataucin kanwa a kan jakai, wanda ya shayar da dabbobinsa a rijiyar da dokin ke sha, ga shi jakan nasa ma atishawar suke yi. Aka jawo Mantau yana rantsuwa ba mai sauraronsa. Sarki ya ce a kashe shi, ya umurci Alƙali Sha'aibu ya tabbatar da hukuncin.

Alƙali ya lura tsutsar na ƙoƙarin nutsewa cikin ƙasa, ya tuna cewa tsutsar nama ƙuda take komawa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shari'a ba ta zubar da jini sai ta ji shaida, kuma babu wanda ya shiga hancin dokin nan sai wannan halitta. Ina roƙon a jinkirta har ta faɗi asalinta."

Sarki ya yarda, bisa sharaɗin in ba ta faɗi komai ba, takobin da zai sare Mantau shi zai sare alƙali. Aka sa tsutsar a tulu da 'yar ƙasa, aka ɗaure bakinsa da ƙyalle, aka ajiye a zauren sarki.

Makonni suka shuɗe, tulu shiru. Doki ya rame, Shamaki na ta zuga, fadawan da ke rige-rigen gaida alƙali suka koma kauce masa a hanya. Shi kansa tsoro ya kama shi ƙwarai, domin zato ya yi, ba sani ba, har ya yi wa iyalinsa wasiyya. Da haƙurin sarki ya ƙare, ya sa aka kawo mutanen biyu da hauni, mai sare kai, aka ɗauko tulun. Alƙali ya kanga kunne, sai ya ji wani ɗan ƙugi a ciki. Aka ɗaga gefen ƙyallen, ga ƙuda mai furfura-furfura yana neman mafita.

Alƙali ya bayyana cewa irin wannan ƙudan ne ke saka tsutsa a hancin dabba, babu sammu. Sarki, da yake fushi ba ya son ya tashi a banza, ya ce ai daga jakan Mantau ƙudan farko ya taso, saboda haka laifin na nan a wuyansa.

Alƙali ya dafa bakin tulun ya ce, "Ranka ya daɗe, na farkon babu wanda ya ga inda ya taso. Wannan kuwa duk mun shaida daga hancin dokinka ya fito. In na sake shi ya shiga hancin jakin talaka, wa zan aika a kamo?"

Hauni ya sunkuyar da kai. Sarki ya daɗe yana kallon tulun, sannan ya tashi ya kwance Mantau da hannunsa, ya nemi gafararsa, ya sallame shi da kyauta. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ce daga ranar kada a zartar da hukuncinsa na kisa sai Sha'aibu ya duba.

Hukuncin da mai mulki ba zai yarda a yanke masa ba, zalunci ne ya yanke wa waninsa.