Gorar Man Kaɗe

An ruwaito a littattafan mutanen da, waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa a Birnin Tsamiya an yi wani waziri mai suna Barmo, wanda yake cewa tun da aka yaye shi bai taɓa tambayar mahaluki komai ba, sai dai a tambaye shi.

Ana nan sai sanyin tsufa ya kama hannuwan mahaifiyar Sarki Jatau, har ta kasa riƙe mazari. Ita kuwa kaɗi ne abokin hirarta, ranar da ba ta yi ba ko fura ba ta sha. Hayaƙi yana sa ta tari, saboda haka ba a kai kaskon wuta ɗakinta. Da Sarki ya ga tana ramewa, ya ce, "Waziri, ina son ɗumi ba wuta ba hayaƙi, wanda zai kai ta daga hantsi zuwa azahar."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ai wannan wasa ne."

Ya gasa dutse, dutse ya ƙona ta, sannan ya huce kafin ta ja zare kamu biyu. Ya kai ruwan zafi a gora, shi ma bai jima ba. Kwana uku ana wasan nan.

A na huɗu ya ja rawani ya rufe fuska, ya bi ta bayan gari zuwa gidan yayarsa Lantana, mai man kaɗe. Ba tambaya ya yi ba, Allah ya kiyaye. Labari kawai ya bayar, kusa da kunnenta.

Lantana ta ce, "Zauna, Auta. Shekarar da ka yi ƙyanda ƙafafunka suka yi sanyi ƙalau, ka san me Inna ta yi? Ta ɗora man kaɗe a wuta. Yana shan zafi yana narkewa, ka sa yatsa ba ya ƙona ka, sai ƙullutun ƙarshe ya ɓace. Ina zafin ya tafi? Ciki ya ɓoye shi. In ya zo daskarewa sai ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kamar marowaci yana rabon goro. Da shi ta rayar da kai, ga ka nan da ƙaton rawani."

Ta narka mai, ta cika gora, ta toshe bakin, ta ɗaure da kaba ƙulli uku.

Washegari da hantsi Waziri ya kai fada, mahaifiyar Sarki ta rungumi gorar. Aka kira azahar, gora da ɗuminta, mazari na ta juyawa. Sarki ya kawar da fuska kada a ga hawayensa, ya ce, "Waziri, ina ka samo wannan hikima?"

"A wani littafin Masar, ranka ya daɗe, shafi na saba'in."

Masu ruwaya sun ce sani kamar man kaɗe yake, wanda ya sha zafinsa ba ya surutu, sai dai ɗumi ya tona shi.

Tsohuwa ta shafa wuyan gorar, ta yi murmushi. "Barmo, tun muna 'yan mata nake zuwa tsintar kaɗanya da wata ƙawata. Duk garin nan ita kaɗai ke yin ƙulli na uku a karkace. A kai wa littafin nan naka zane da goro. Ka ce masa gobe ya zo da kansa, na yi kewarsa."