Gidan da Aka Tsallake

A zamanin da mace kan haifi goma ta raini huɗu, an yi wata mai ɗinki da ba ta mantuwa, ba ta yafiya. Bakwai ta haifa, ta binne shida, saura 'ya ɗaya. 'Yar ta haifa mata jika, wani ɗan ƙiriniya da kullum ke ƙarƙashin keken ɗinki yana tsintar ƙyallaye.

Ranar da aka binne na shidan, matar maƙeri, maƙwabciyarta, ta yi suɓul da baka a gaban mutane: "Anya kuwa babu sakaci a ciki?" Mai ɗinki ta haɗiye maganar, ta ce a ranta, wallahi sai kin ɗanɗana. Shekaru suka wuce, ko gaisuwa ta hana 'yarta yi wa matar.

Wata safiya sai ga ma'aikaciyar asibiti da akwatin allurar ƙyanda. Baƙuwa ce, don haka ta nemi dattijuwar da za ta nuna mata gidajen da ke da yara. Mai ɗinki ta yi caraf ta miƙe.

Suka bi layi gida-gida. Da suka zo ƙofar maƙeri, ma'aikaciyar ta tsaya.

"Inna, nan fa? Kamar na ji muryar yara."

"Wane yara! 'Yan awaki ne. Mu je, 'yar nan, rana na yi."

Suka wuce. Zuciyar mai ɗinki fari ƙal, har da murmushi.

Gidanta ta bari na ƙarshe. Suka tarar da shi a rufe. Ta ce ai jikan nata, uwarsa ta goya shi zuwa kasuwa. Ma'aikaciyar ta rufe akwati ta ce to sai wani zagayen, bayan damina.

Ƙyanda ba ta jira damina ba. Ta shiga gidan maƙeri, yaransa uku suka kwanta, suka sha wuya, suka tashi. Ta tsallako katanga ta kama jikan mai ɗinki. Shi bai tashi ba.

A wurin zaman makoki matar maƙeri ta shigo tana kuka wiwi, ta rungume uwar yaron.

"Wayyo ni! Ranar allurar nan yana wajena, kin bar mini shi kin tafi kasuwa a ɓoye. Na yi ta jira a ƙwanƙwasa, shiru. Inna, ke kika raka mai allurar, me ya sa ba ku shigo ba?"

'Yar ta ɗago ta dubi uwarta. Muryoyin da mai ɗinki ta kira na 'yan awaki, har da ta jikanta a ciki.

Darasi: kada ka rama a kan yaro abin da babba ya yi maka. Cuta ba ta san katangar wane da wane ba. Duk wanda ya hana ɗan maƙwabci kariya don ya huce haushi, nasa ɗan ya bari a fili.