Manomin da Aka Ɗauki Hoton Zuciyarsa Sau Biyu

"Ni fa ƙalau nake!"

"Ƙalau kake, shi ya sa jiya ka rungume garma kana nishi kamar tsohon injin niƙa?"

"Addu'a nake yi."

"Addu'a da dafe ƙirji, Baban Irimiya?"

Akwai wani manomi, shi ne wannan da kuka ji matarsa Kande ta tasa a gaba. Ƙato ne, a duk garinsu ba mai riga shi kai kunya ƙarshen gona. Amma tun farkon damina, da ya yi huɗa kaɗan sai ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa dutse. Da ya zauna a inuwa, sai abin ya sake shi. Saboda haka ya ce ba komai. Kande kuwa ta ce ita ba ta shirya zama gwauruwa ba, ta ja shi har babban asibiti a birni.

Likita ta ce za a ɗauki hoton zuciyarsa, a ga ko jini yana kaiwa ko'ina a naman zuciyar. Aka yi masa allura, ya kwanta, na'ura ta yi ta zagaya ƙirjinsa a hankali. Sai ga hoto ya fito: zobe mai haske, cikakke, babu giɓi.

"Kande, zo ki gani da idonki! Zuciya kamar ta ɗan maraƙi. Miƙo mini hulata mu tafi."

"Baba, saura na biyu," in ji likita.

"Wannan ɗin me ya yi?"

"Wannan kana kwance ne. A kwance ai ba ta taɓa damunka ba."

Aka ɗora shi a kan wata tabarmar roba mai gudu a ƙarƙashin ƙafa. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, gumi yana zuba.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana haki, "tun ɗazu nake sauri, ban bar ɗakin nan ba!"

Can sai ɗaurin nan ya zo, irin na gona sak. Aka sake yi masa allura, aka sake ɗauka. Ga zobe dai, amma gefe guda ya yi duhu, kamar wainar da aka gatsa aka ajiye.

Likita ta nuna wurin. "Jijiyar da take kai jini nan ta tsuke. In kana hutawa, ɗan abin da yake wucewa ya isa. In ka kama aiki, ba ya isa. Amma naman bai mutu ba, kun zo da wuri. Za mu buɗe hanyar, ka sha magani, baɗi ka yi nomanka."

Kande ta kalli mijinta ta gefen ido. Ta dai gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta yi tari sau biyu.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Hoton farko shi ne safiyar Lahadi. Kowa ya yi wanka, kowa ya karkace kai: "Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya sa albarka!" A kan bencin coci duk zuciyarmu zobe ne cikakke. Hoto na biyu kuwa ran Litinin ake ɗaukarsa, a bakin famfo, sa'ad da wata ta ture jarkarki ta sa tata. Ko sa'ad da akuyar maƙwabci ta shiga masararka. A nan ake ganin gefen da ƙauna ba ta kaiwa. Allah ba ya barinmu a kan tabarmar nan mai gudu don ya kunyata mu. Yana nuna mana wurin duhun ne tun yana da sauran rai, domin ya buɗe hanyar. Kada ka ce ƙalau kake don kana zaune a inuwa. In kuma Ubangiji ya ba ka wata Kande a gida, ka bi ta.

Manomin nan ya yarda aka yi masa aiki, ya warke. Ran sallama likita ta miƙa masa hotunan biyu. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya mayar mata da na biyun.

"Riƙe wannan, ranki ya daɗe. Ban shirya ba aka ɗauka."