Ranar da Aka Cike Tafkin Kwaɗi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu saurara.

Dila ne shugaban sakandaren dawa, inda kwaɗi suka fi kowa ƙaranci. Ran nan ya tara malamai da ɗalibai, ya ce zai cike tafki ya yi filin ƙwallo.

"Wanda bai yarda ba ya ɗaga wutsiya."

Malam Kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da ɗalibaina ba mu da wutsiya, kuma da tafkin nan muke rayuwa."

Dila ya ce, "Doka ce, Malam." Ya waiwaya, ya ce kowa ya amince.

Aka cike tafki. Malam ya ja ɗalibansa neman ruwa cikin tsakar rana. Uku kaɗai suka isa kogi.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.