Sonbai Mai Shuɗin Hannu

A zamanin da jiragen ruwa ba su da abin dogaro sai iska, akwai wani bakin kogi a gaɓar Gujarat ta ƙasar Hindu wanda ba kowa ke kusantarsa ba. Kurmi ne da taɓo, damisa a tudu, kada a ruwa. 'Yan tsirarun masunta ne kawai a wurin, su kama kifi da rani, su jira tarkacen jirage da damina. A wancan lokaci duk jirgin da teku ta farfasa, kayansa na sarki ne da na wanda ya riga tsinta. Mai kaya kuwa sai ya gode in ya tsira da ransa.

Nan wata mai rini ta zo ta zauna, sunanta Sonbai. An ce daga babban birni ta fito, bayan labari ya iske ta cewa ɗanta tilo, wanda ya bi fatake da yadudukan da ta rina, ya tsira daga ruwa a wata gaɓa mai nisa, amma mutanen wurin suka kashe shi saboda damin da ya rungumo. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki irin baba ta bar gari. A bakin kurmin ta haƙa ramin rini, tana rina wa masunta tarunsu don kada gishiri ya cinye. Hannayenta suka rine har gwiwa. Masu ba da labari sun ce damisa kan zo ta kwanta a inuwar shanyarta, ko gurnani ba ta taɓa yi mata ba.

Wata shekara, a farkon damina, guguwa ta jefo wani jirgin Larabawa daga Adan, ta maka shi a kan duwatsu. Kaya suka warwatsu a rairayi: lubban, murjani, dabino, tagulla. Mai jirgin, Mubarak, yana kwance da karyayyar ƙafa. Masunta suka sheƙo da gatura, shugabansu Kanji a gaba.

Sonbai ta bar rini ta bi su, hannu jiƙe da baba. Ta riga su isa, ta riƙa dafa kowane dami tana barin shatin tafinta a kai.

"Duk abin da hannun nan ya taɓa amana ne a wuyana," in ji ta.

Kanji ya ce, "Uwa, teku ce ta ba mu."

"Teku ba ta ba da abin da ba nata ba. Ga mai shi nan yana numfashi." Ta dubi Mubarak, muryarta ta yi ƙasa. "Haka aka tsaya a kan ɗana."

Kanji ya sauke gatarinsa. Shi da kansa ya goya baƙon zuwa bukkarta, ta ɗora masa ƙafa, ta yi jinyarsa da shi da sauran waɗanda suka tsira.

Labari bai daɗe ba ya kai fada. Sai ga Jagmal, sarkin yaƙin ƙasar, da mayaƙa masu mashi da kekunan shanu, ya zo kwasar rabon sarki. Ya ga shuɗin tafi a kan kowane dami, ya tambayi mai shi. Sonbai ta fito.

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Kayan kuwa na baƙona ne."

"Hannun da ya shiga tsakanin sarki da rabonsa yanke shi ake yi."

Sonbai ta taka zuwa wani faffaɗan dutse ta shimfiɗa hannun a kai. Jagmal ya zare takobi. Kafin ya ɗaga, Kanji ya je ramin rini ya tsoma hannunsa, ya dawo ya ɗora kusa da nata. Matarsa ta bi shi. Masunta suka bi ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da mata masu goyo, har dutsen ya rufe da hannaye. An ce a daidai lokacin teku ta cika ba a sa'arta ba, ruwa ya zagayo ta bayan kekunan, shanu suka fara kuka. Jagmal ya dubi ruwan, ya dubi dutsen, ya mai da takobinsa kube ya juya.

Da iska ta sauya, masunta suka gyara wa Mubarak jirgi, aka loda masa kayansa ba abin da ya ɓata. Ya miƙa wa Sonbai sarƙar murjani yana hawaye. Ta mayar masa.

"Ɗana, riƙe abinka. Duk tashar da ka sauka, ka faɗi abin da ka gani."

Ya kuwa faɗa. Shekara ta zagayo sai ga jirage daga Adan da Maskat da Hurmuz, suna neman gaɓar da ba a cin baƙo. Bayan fatake masaƙa suka zo, sai maƙera zinariya, da kafintocin jirgi, da magina tukwane. Aka sare kurmi, aka gina kasuwa, masallaci da ɗakin bautar Hindu suka tashi a unguwa ɗaya. Sarki ya ga albarkar da tashar ta jawo wa ƙasarsa, ya soke dokar tarkace. Aka kira garin Sonpatan, tashar Sonbai, mawaƙa na yi mata kirari: Shuɗiyar garkuwa, uwar wanda ruwa ya jefar, mace mai tsai da takobi da tafin hannu!

Ta tsufa a bakin raminta, ba ta yarda an gina mata soro ba. Har yau, in ji masu labarin, duk ɗakin ajiya a garin akwai shuɗin tafi a ƙofarsa. In teku ta jefo wani abu, ko da tulu ne, sai wanda ya tsinta ya shafa baba a hannu ya dafa shi, ya kai kan dutsen nan ya ajiye. Ba mai taɓawa sai mai shi ya zo.