Fararen Duwatsu a Akwatin Kifi

An yi wani magidanci wanda 'yarsa ta bar masa amanar kifaye bakwai a cikin akwatin gilashi, ta tafi makarantar kwana. Sai ya ɗebo fararen duwatsu daga gonar marigayi mahaifinsa, ya jera su a ƙasan ruwan don ado. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba, mutumin namu kuwa akwai son yabo.

Ba a yi mako biyu ba kifayen suka daina cin abinci, suna ta haki a saman ruwa. Ɗaya ya mutu. Hankalin maigidan ya tashi, ya kira mai sayar da kifin. Shi kuwa ya tsoma takardar gwaji a ruwan, ta rine ta koma shuɗiya.

Ya ce, "Maigida, ruwan nan ya zama kamar an jiƙa kanwa. Duwatsun nan farar ƙasa ce, su ke narkewa a ciki. Ka fitar da su."

Maigidan ya ce, "Na gonar babana ne."

Da mai kifin ya tafi, sai ya yi wa kansa dabara. Ai in kanwa ta yi yawa a kunu, da tsami ake kashe ta. Ya jiƙa tsamiya, ya tuttula a akwatin. Sauyin ya zo wa kifayen farat ɗaya, kafin la'asar biyu sun juya ciki sama. Bayan kwana uku ruwan ya sake komawa kamar na kanwa, ga shi 'yarsa za ta dawo ran Asabar.

Tsoro ya kama shi. Ya naɗe hannun riga, ya tsame duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa sauya ruwan kaɗan-kaɗan. Huɗu suka rayu. Yarinyar ta dawo, ta ƙirga, ta ce, "Baba, ina sauran?"

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Akwatin gidanka ne. Duwatsun su ne halin da ka gada kake taƙama da shi, ko zafin rai, ko riƙon mutum a zuciya. Tsamiyar ita ce 'yar kyauta da daɗin bakin da kake rufe laifi da su, alhali Ubangiji ya ce ka tuba ka cire shi. Ku lura kuma, maigidan ko ciwon kai bai yi ba. Waɗanda aka ba shi amana su ne suka mutu.