Manomin da Ya Tura Kekensa a Gangaren Rafi

Akwai wani manomi mai keke da ƙauyensu ke bayan kurmi. Hanyarsu ta zuwa gari kyakkyawa ce, ga inuwa ga kukan tsuntsaye, amma tana da wani dogon gangare da ke sauka bakin rafi. Duk wanda ya iso wurin sauka yake yi ya tura. Ban da mutuminku. Kekensa ko birki babu. Diddige yake dannawa a kan tayar baya ya sulalo, masu wanki a bakin rafi suna yi masa kirari. Shekara goma sha biyar bai taɓa sa ƙafa a ƙasa a wurin ba, shi ya sa yake ji da kansa.

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarsa, har ba ta iya zama da kanta. Da safe ya ɗora ta a bayan keke, ya ɗaure ta a kugunsa da zane, suka kama hanyar asibiti. An kwana ana ruwa, ƙasa duk santsi.

Da ya iso kan gangaren, masu wanki suka hango shi, suka fara kirarin da suka saba. Zuciyarsa ta ce masa ai ya san wurin nan, ga kuma sauri ana yi. Amma ya ji zafin goshin tsohuwa a gadon bayansa. Sai ya tsaya, ya kwance zanen, ya sauka, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya yana tallafe da ita.

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce gwani ya tsufa, wani ya ce tsoro ne kawai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ɗaga murya ya ce, "Ku yi ta dariya. Yau wadda ta goye ni nake ɗauke da ita."

A tsakiyar gangaren kuwa, bayan ya sha wata kwana, ya tarar ruwa ya yanke hanya, rami har gwiwa. Ya ɗauki tsohuwa a hannu ya ƙetare. Da ta warke, ba wanda ya huta da labarin. Kowa ya zo gaisuwa sai ta ce masa ɗanta ya sauka daga keke a gaban mutane saboda ita.

Ma'anar wannan misali ita ce, keken nan rayuwarmu ce, gangaren kuma shi ne wurin da yabon mutane ke jan mu ga faɗuwa. 'Yan'uwa, ba wanda ke tafiya shi kaɗai. Ubangiji ya ɗora wa kowa wani: mata, miji, iyaye, sabon mai bin Ubangiji da ke kallonka. In ka faɗi, tare za ku faɗi. Wannan manomi abin fahariya ne, domin ya yarda a yi masa dariya. Kai fa, kafin ka saki keke a kan gangare, ka waiwaya ka ga wa ke bayanka.